Ina so in shiga aikin bin diddigin ƙaryar zaɓe, ta ina zan fara?

Hauwa'u: Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekarata biyu ke nan a ɗakin labarai na wani gidan rediyo. Watan jiya wani abu ya faru da har yau yake ci mini rai. An turo mana odiyo, wai muryar wani ɗan siyasa ce yana zagin mutanen wata ƙaramar hukuma, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Mai gabatar da shirin siyasa ya kara waya a kunne ya saurara sau biyu, ya ce ko daga barci aka tashe shi ya san muryar nan. Ƙarfe tara na dare aka sa a iska. Kafin gari ya waye mutumin ya ƙaryata, kuma har yanzu babu wanda zai dafa Alƙur'ani a wurin aikinmu ya ce shi ne ko ba shi ba ne. Ni ce na karɓi odiyon na ɗora a kwamfutar situdiyo, kuma ban tambayi daga ina ya fito ba.

Tun daga ranar nake karanta labarin 'yan jaridar da suka mayar da bin diddigin irin wannan ƙarya sana'arsu, musamman Craig Silverman ɗan ƙasar Kanada. Ina so in bi wannan layin. Aiki ne da zai riƙe mutum a nan ƙasar? Kuma da me ake farawa?

Sadiya: Wa alaikumus salam. Anti Hauwa, ba kowa ne ya san mutumin ba. Ki ɗan warware mana, me ya yi?

Hauwa'u: To ƙanwata. Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da wani babban abu ba. A 2004 ya buɗe shafi yana tattara gyare-gyaren da jaridu ke bugawa idan sun yi kuskure. Shekaru yana wannan, yana ƙirga kurakuran abokan sana'arsa. A 2014 ya koma bin jita-jitar intanet ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa ya fara yaɗa ta, wace jarida ta ɗauka, ko an ƙaryata daga baya. Saboda haka da zaɓen Amurka na 2016 ya zo, hannunsa ya riga ya faɗa.

A Nuwamban shekarar, yana aiki da BuzzFeed, shi da wani mai bincike Lawrence Alexander suka gano shafuka sama da 100 na siyasar Amurka da ake gudanarwa daga wani ƙaramin gari mai suna Veles a Masedoniya. Yawancin masu su samari ne, babu ruwansu da Trump ko Hillary, kuɗin talla suke nema, kuma sun lura labaran da ke faranta wa magoya bayan Trump sun fi kawo jama'a. Bayan zaɓe kuma ya ɗauki manyan labaran ƙarya 20 da manyan labarai 20 na fitattun kafafen yaɗa labarai, ya ƙirga tsokaci da turawa da dangwalen da suka samu a Facebook a watanni uku na ƙarshen kamfe. Na ƙarya suka tashi da kusan miliyan 8.7, na gaskiya miliyan 7.3. Wanda ya fi kowanne tashe shi ne wai Fafaroma Francis ya goyi bayan Trump. Daga baya ya koma ProPublica a 2021, a 2025 kuma ya fita suka kafa tasu kafar da abokinsa.

Abin da nake so ke nan. Kowa na cewa ƙarya ta yi yawa, shi kuma ya zauna ya ƙirga ta.

Malam Lawal: 'Yata Hauwa'u, da farko Allah ya yi miki albarka da kika faɗi naki laifin a bainar jama'a. Shekarata talatin da ɗoriya a wannan aiki, kaɗan na gani da suka iya haka.

Amma zan faɗa miki gaskiya. Shi mutumin naki ya ƙirga ne saboda abin da yake nema yana fili, a shafukan da kowa ke gani, kuma a rubuce da Turanci. Tamu ƙaryar a ina take kwana? A WhatsApp, a zauren 'yan unguwa da na dangi da na tsofaffin ɗalibai, kuma da murya take tafiya. Daga nan ta faɗa teburin mai shayi, daga nan sojojin baka su ɗauke ta zuwa rediyo. Yaya za ki ƙirga abin da ba ki gani? Ni a ganina aikin jarida ƙafa ne. Da an kira mutumin nan a waya kafin ƙarfe tara, ko an tura yaro gidansa, da ba a shiga wannan ba. Ba sai da kwamfuta ba.

Nura: Baba Lawal, ranka ya daɗe, na yarda da rabin maganarka. Kiran waya wajibi ne. To amma idan ka kira shi ya ce ba shi ba ne fa? Mai gaskiya haka zai ce, maƙaryaci ma haka zai ce. Nan ne aikin ke farawa.

Ni kwamfuta na karanta, bari in ba da misali biyu don a ga inda duniya ta kai. A Sulobakiya an yi zaɓe ranar 30 ga Satumban 2023. Saura kwana biyu sai ga odiyo, wai shugaban jam'iyyar da ke kankankan da ta Robert Fico, mai suna Michal Šimečka, yana hira da 'yar jarida Monika Tódová kan yadda za su sayi ƙuri'u. Dukansu biyu suka ce ƙarya ne, masu tantance labarai na kamfanin dillancin labarai na AFP suka ce akwai alamun ƙirƙirarriyar basira aka haɗa shi da ita. Amma ku duba lokacin da aka zaɓa: dokar ƙasar ta hana kamfe a awanni 48 kafin zaɓe, saboda haka bakin kowa a ɗaure yake, ƙaryatawar ba ta yi nisan da ƙaryar ta yi ba. Kuma ƙa'idar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a lokacin kan bidiyon da aka jirkita take magana, ba ta taɓo odiyo ba. Fico ne ya zo na ɗaya.

Na biyu a Amurka, jihar New Hampshire, Janairun 2024. Dubban mutane suka ɗaga waya suka ji muryar Biden tana cewa kada su fita zaɓen fidda gwani. Wanda ya haɗa muryar wani mai wasan rufa-ido ne a New Orleans, ya faɗa wa NBC cewa dala 150 aka biya shi, kuma aikin bai kai minti 20 ba. Hukumar sadarwa ta ci tarar wanda ya ba da kwangilar, Steve Kramer, dala miliyan 6, ko da yake masu taimaka wa alƙali sun wanke shi daga tuhumar laifi a 2025. Dala 150, jama'a. Wane ɗan takarar kansila ne zai kasa biya?

Malam Lawal: Nura, kana nufin odiyon ne ya kayar da shi a Sulobakiya?

Nura: A'a Baba, ban faɗi haka ba. Tun kafin odiyon Fico yana gaba a yawancin ƙuri'un jin ra'ayi. Abin da nake nunawa shi ne salon: murya maimakon bidiyo, kuma a daren zaɓe. Mu ma an yi mana. Ana gab da zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 aka saki odiyo wai Atiku da Tambuwal da Okowa suna kitsa maguɗi, jaridar TheCable ta bi diddigi ta ce haɗi ne.

Hajiya Binta: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Hauwa'u, tambaya biyu kika yi, maza sun tafi kan ta biyu sun bar ta farko, wato ko aikin zai riƙe ki. Bari in amsa a matsayin uwa.

Shi Silverman ɗin, sashen labarai na BuzzFeed da ya yi suna a cikinsa an rufe shi a 2023. Manhajar CrowdTangle da masu wannan bincike suke dogaro da ita wajen ganin abin da ke tashe a Facebook, Meta ta kashe ta ranar 14 ga Agustan 2024, ana saura wata uku zaɓen Amurka. A Janairun 2025 kuma kamfanin ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai a Amurka. Twitter ma tun 2023 ya sa kuɗi mai tsada a kan bayanan da a da ake ɗiba kyauta. Wato ƙofofi rufewa suke yi, kuma yawancin wannan aiki a Afirka da tallafin waje yake tafiya. Tallafi kuwa ruwan kasko ne, yau akwai gobe babu.

Sai batun mutunci. Patrícia Campos Mello ta jaridar Folha a Birazil, da ta fallasa a 2018 cewa 'yan kasuwa na biyan kamfanoni su tura saƙonnin siyasa rututu ta WhatsApp, da ƙazafin lalata aka rama mata, har shugaban ƙasa Bolsonaro ya sa baki, sai da ta kai shi kotu ta yi nasara. Maria Ressa a Filifin ta fallasa rundunar asusun bogi tun 2016, ta sha kamu da shari'a kafin ta samu kyautar Nobel a 2021. Ke mace ce, Bahaushiya. Ranar da kika taɓa masu cin abinci da wannan harka, hotonki za su ɗauka su haɗa da abin da ba za ki so mahaifinki ya gani ba. Ban ce kada ki yi ba. Na ce ki zauna da iyayenki tun yanzu ki faɗa musu irin abin da zai iya zuwa, kada su fara jin sa a bakin maƙwabta. Kuma kada ki ajiye aikin rediyonki.

Hauwa'u: Mama Binta, na gode ƙwarai. Wallahi batun gida ban taɓa kawo shi a raina ba.

Kabiru: Ni dai ina ganin ana zuzuta wannan ƙirƙirarriyar basirar ne. Da wace na'ura aka haɗa Jibrin na Sudan, wato jita-jitar cewa Buhari ya rasu an musanya shi da wani mai kama da shi? Babu. Baki kawai da tsofaffin hotuna, amma sai da Buhari ya tsaya a Polan a Disamban 2018 yana ce wa 'yan Najeriya shi ne da kansa. Shugaban ƙasa sukutum! Rikicin Filato na Yunin 2018 kuma, binciken BBC ya nuna hotunan da aka yaɗa a Facebook har da wanda aka ɗauka a Kongo shekaru kafin nan, kuma an rasa rayuka. Tsohon hoto da sabon rubutu ya fi kashe mu.

Sannan ku tuna rahoton BBC na Janairun 2023, wanda 'yar uwarmu Fauziyya Tukur na cikin waɗanda suka yi shi: jam'iyyu na biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, har an ambaci naira miliyan 20, wasu kuma da muƙami ko kwangila ake sallamarsu. In ana neman ƙarya, a bi sawun kuɗin.

Nura: Yaya Kabiru, ba mu saɓa ba. Sai dai ka manta da ɓarna ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. Tun da mutane suka san ana iya haɗa murya, duk wanda aka kama dumu-dumu sai ya ce haɗi ne. Wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Chesney da Citron, sun kira abin ribar maƙaryaci. Ka tuna odiyon da Peoples Gazette ta fitar a Afrilun 2023, wai Peter Obi da Bishop Oyedepo. Obi ya ce na bogi ne, jaridar ta ce tana kan bakanta. Me ya biyo baya? Kowa ya duba jam'iyyarsa ya zaɓi abin da zai gaskata.

Kabiru: Ai ba sai ka je Kudu ba. Bidiyon dala na 2018 da Jaafar Jaafar ya fitar a Daily Nigerian fa? Ganduje ya ce haɗawa aka yi, majalisar jiha ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da binciken, ɗan jaridar kuma ya bar ƙasar a 2021.

Auwalu: Kabiru, a nan kuma ka shigo da siyasarka. Kowa ya san hular da kake sawa.

Kabiru: Wace ƙarya na yi a cikin abin da na rubuta? Nuna mini ɗaya.

Shugaban zaure: Auwalu, Kabiru, don Allah. Abin da Kabiru ya lissafa abubuwa ne da suka faru a idon duniya, bai yanke hukunci ba, kuma ba za mu yanke a nan ba. A koma kan tambayar Hauwa'u.

Malam Abdulhadi: Ni ba ɗan jarida ba ne, malamin makaranta ne, amma ina jin kuna ta neman abu a nesa alhali yana cikin gidanku. Malaman hadisi ba su fara da tambayar ko magana ta yi daɗi ko ta yi kama da gaskiya ba. Tambayarsu ita ce, wa ya faɗa maka? Shi kuma wa ya faɗa masa? Sun taɓa haɗuwa? An san shi da ƙarya? Har littattafai suka rubuta na tarihin maruwaita, mutum ɗaya bayan ɗaya. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Mai gabatar da shirinku, Hauwa'u, ya duba matani ya bar isnadi. Muryar ta yi kama, shi ke nan. In za ki yi wa mutanenmu bayanin aikinki, ta wannan ƙofar za ki shiga, za su gane nan take.

Hauwa'u: Allah ya saka da alheri Malam. To Yaya Nura, a aikace, in odiyo ya zo hannuna gobe, me zan yi? Akwai manhajar da zan saka shi ta faɗa mini?

Nura: Akwai su, amma kada ki ɗora mutuncinki a kansu. Yawanci da muryoyin Turanci aka horar da su, kuma WhatsApp yana matse odiyo, ga shi an tura an sake turawa, wani ma ya kunna a wata waya ya sake naɗa. Alamomin da manhajar ke nema sun goge. Za ta iya ce miki na gaskiya bogi ne, ta ce na bogi gaskiya ne. Ki ɗauke ta shaida ɗaya cikin shaidu.

Ga abin da nake yi. Ina sa abin kunne mai kyau, in rufe ido. Ina neman numfashi: mutum yana jan iska kafin doguwar jimla, yana gyaran murya, yana cewa "eh to", yana katse abokin hirarsa. Ina sauraron bayan muryar: in fanka na juyawa sai ta ɗauke ɗif a tsakiyar magana ta dawo, an yanka an liƙa. Kuma a nan Hausa ta ba ki makamin da Bature ba shi da shi. Harshenmu na da karin sauti da tsawon wasali. Na taɓa jin wani odiyo da aka jingina wa wani dattijo Basakkwace, amma daga farko har ƙarshe babu "shi" ko "mi" ko "ɗiya" irin na bakinsa, Kananci ne tsantsa, kuma kalmar "gari" sau biyu tana fita kamar garin tuwo inda ake nufin birni. Ba manhaja ce ta kama wannan ba, kunne ne. Sai ki nemo jawabansa na baya ki jera su. Sannan ki koma ga isnadin Malam: ki tambayi wanda ya turo miki wa ya turo masa, ki yi ta bi baya har inda igiyar ta tsinke, ki rubuta ranar da sa'ar.

Amma in faɗa miki, na'urorin suna ƙara ƙwarewa kullum. Kuren da na kama bara ba lalle in same shi baɗi ba. Isnadin ne ba ya tsufa.

Malam Lawal: Har yanzu ba a amsa mini ba. Wannan duk tantance odiyo ɗaya ne. Ita ƙirga take so ta yi. Yaya ake ƙirga abin da ke cikin WhatsApp?

Hajiya Binta: Malam, an yi a wasu wurare. A zaɓen Birazil na 2018 masu bincike a jami'ar Minas Gerais sun shiga ɗaruruwan zaurukan siyasa waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa, suna tattara hotuna da odiyon da suka fi yawo kullum suna ba 'yan jarida. Wasu kafafen kuma lamba suke bayarwa, duk wanda ya ga abin da yake shakka ya turo. A nan gida, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta CDD da jami'ar Birmingham sun yi nazarin WhatsApp a zaɓen 2019, har Kano suka zo, kuma da hira da mutane suka yi shi, da ƙafa kamar yadda kake so. Ba za ta ga komai ba, amma za ta ga fiye da wanda bai duba ba.

Kuma akwai dalilin da ya sa ƙirgar take da amfani. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 kan Twitter a zaɓen Amurka na 2016 ya gano cewa mutum ɗaya cikin dubu ne suka yaɗa kusan kashi 80 cikin ɗari na labaran bogin. In haka abin yake a wurinmu, to ba da jama'a duka ake faɗa ba, da 'yan tsiraru ne, kuma jadawali ne kaɗai zai nuna miki su. Sai dai ki kiyaye, yawan turawa ba ya nufin yawan waɗanda suka gaskata. An yi wa alƙaluman Silverman ma wannan gyaran.

Malam Lawal: To wannan na karɓa. Amma da sharaɗi: kada ta shiga zauren dangin mutane da sunan ƙarya tana kwasar sirrinsu. Wannan leƙen asiri ne, ba jarida ba.

Barista Maryam: Sharaɗin Malam doka ce ma, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ki goge lambobin mutane daga duk abin da za ki ajiye. Sannan sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, duk da gyaran da aka yi masa a 2024, har yanzu ana kama 'yan jarida da shi. Kada ki rubuta "wane ne ya haɗa wannan" sai kina da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali. Ki rubuta abin da kika tabbatar kawai: ga inda na fara ganinsa, ga ranar, ga abin da bai dace da muryarsa ba.

Isufu Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. In kin buɗe lambar, ki sa da mu. Odiyon da aka naɗa a Katsina da safe, kafin azahar yana Maraɗi da Damagaram, namu ma haka yake gangarowa wurinku. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 mun sha ganin tsofaffin bidiyon sojojin wasu ƙasashe ana cewa ga su nan a kan iyaka. Zan riƙa turo miki abin da ke yawo a nan.

Sadiya: Anti, ki nemi horon kafar tantance labarai ta Dubawa, suna ɗaukar 'yan jarida su koyar da su, kuma suna da sashen Hausa. Akwai Alkalanci ma, da Hausa zalla suke aikin tantancewa.

Hauwa'u: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yanke. Ba zan bar rediyo ba. Ranar Juma'a zan je gida in zauna da Baba da Inna kamar yadda Mama Binta ta ce. Yanzu haka na buɗe jadawali a Excel mai gida bakwai: rana, sa'a, inda na gani, odiyo ne ko hoto ko bidiyo, wa aka jingina wa, me ake zargi, da abin da bincike ya nuna. Layin farko odiyonmu na watan jiya na sa. Na kira mai gabatar da shirin ɗazu, ya ce direban wani abokinsa ne ya turo masa. Na karɓi lambar direban.

Malam Lawal: Kada ki kira shi a waya, zai tsorata ya goge. Ki je inda yake ki gaishe shi, ki roƙe shi ya nuna miki saƙon a wayarsa da idonki, ki duba ko akwai kibiya biyun nan a samansa da ke nuna an tura sau da yawa. Ki tafi da wani namiji daga ofis. In kin dawo ki faɗa mana wa ya turo masa.